Waƙar da ka biya wa kuɗi, makullinta na hannun wa?

Ƙannena samari da 'yan mata na Jabo, da na Tambuwal da Kebbe da ƙauyukan da ke tsakani, akwai tambayar da ta fara yawo a bakinku tun da manyan wayoyi suka yawaita. Mutum ya biya kuɗinsa ya sauke waƙa, sai ta ƙi fita daga manhajar da ya sauke ta a ciki. Ba ta shiga memori, ba ta tafiya wayar aboki, wani lokaci ma shi kansa ta daina yi masa magana. To in ya sami hanyar fasa kullen, ya yi laifi? Na ji masu cewa ai kayanka ne, yi yadda ka ga dama, kuma galibinsu ba su tsaya sun duba mene ne ainihin abin da aka sayar musu ba. A nan nake so mu tsaya.

Ba laifinku ba ne in abin ya zo muku baƙo. Mu a nan ba mu taso da waƙa mai kulle ba. Iyayenmu kaset suka saya a kasuwa, na Ɗanƙwairo ko Ɗan'anace ko Gambo, a sa a rediyo mai batir a ƙofar gida. In zaren ya warware a zura biro a naɗe shi, in ya tsinke a liƙe shi a ci gaba da ji, ko da baiti ɗaya ya tafi. Maƙwabci ya ara ya kwafa a rediyo mai baki biyu, ba wanda ya ce masa don me. Bayan kaset faifai ya zo, bayan faifai memori. Yau ku leƙa kowace rumfar caji a bakin tasha: janareto na ruri a baya, wayoyi jere kan katako kowace da 'yar takardar lamba manne a bayanta, yaro zaune gaban tsohuwar kwamfuta da rabin madanninta sun goge. Ka miƙa masa memori ya ce, "Mi za a tura ma, sabbi ko tsoffi?" Ya buɗe jakar Nura M. Inuwa, ya buɗe ta Umar M. Shareef da Ali Jita da Hamisu Breaker, ga ta wa'azi, ga ta finafinan Indiya masu fassara. Da 'yan kuɗi kaɗan ya cika maka. Abin da ya shiga memorin nan kuma ya zauna ke nan sai in memorin ne ya mutu, kuma Xender na nan ga duk wanda ya ce a ba shi.

Sabuwar hanyar daban take. Boomplay na zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel tun daga kwali, ga Audiomack, ga Spotify da ya shigo Najeriya a 2021. In ka biya kuɗin wata, za a bar ka ka ajiye waƙoƙi ka saurara ko babu data. Sai dai a irin wannan tsari abin da ke sauka a wayarka ba fayil ɗin MP3 da ka sani ba ne. An hargitsa shi da lissafi yadda ba na'urar da za ta karanta shi sai da makulli, makullin kuma yana cikin manhajar, ɗaure da asusunka. Lokaci-lokaci manhajar kan tuntuɓi kamfanin ta tambaya ko har yanzu kana biya. Spotify, alal misali, yana buƙatar wayar ta hau intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, in ba haka ba abin da ka ajiye ya daina aiki. Wannan kullen shi ake kira DRM.

Wani ɗan yayata da ke karatu a Sakkwato ya biya kuɗin wata guda a ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji. Ya yi ta sayen datar dare yana sauke waƙoƙi, da nufin in ya dawo gida hutu yana da abin saurare ko sabis ya gudu. Wata ya cika yana gida. Sunayen waƙoƙin na nan jere, amma sun dushe, ya taɓa wannan a ce ya sabunta, ya taɓa waccan a ce ya sabunta. Ya kutsa ma'ajiyar wayar ya tarar da fayilolin kwance suna cin wuri, ya tura wa abokinsa guda, ta je ta ƙi buɗewa. Ya zo min rai a ɓace ya ce, "Kawu, wannan ai cuta ce. Kuɗina, datata, wayata." Na ce masa a'a, ba a cuce ka ba, haya ka yi kuma wa'adinta ya cika. Bai ji daɗin amsar ba.

Amma akwai waɗanda aka cuta da gaske, kuma ya kamata ku san labarinsu, domin daga wurinsu wannan muhawara ta taso.

A watan Afrilun 2003 kamfanin Apple ya buɗe shagon waƙa na iTunes a Amurka, kowace waƙa santi 99. Saye ne, ba kuɗin wata ba, ka biya sau ɗaya. Amma manyan kamfanonin waƙa sun gindaya sharaɗin a sa kulle, aka sa wanda ake kira FairPlay. Waƙar ba ta yi sai a kwamfutoci ƙididdigaggu, daga baya aka tsayar da su 5, kuma cikin ƙananan na'urorin saurare ba ta yi sai a kayan Apple, irin su iPod. Ka sayi na'urar wani kamfani, waƙoƙinka sun tsaya a baya. Microsoft ma ya buɗe nasa shagon, MSN Music, da nasa kullen. Ya rufe shagon a 2006, sannan a 2008 ya sanar zai kashe na'urorin da ke ba da makulli. Ma'anar haka ita ce duk wanda ya sayi waƙa a wurinsu, ranar da kwamfutarsa ta mutu ya sayi sabuwa, waƙoƙinsa sun bi ta. Sai da jama'a suka yi ca aka ɗaga wa'adin zuwa 2011. Yahoo ya yi makamancin haka a shekarar ta 2008. Kamar dai ka sayi babur lakadan, dillali ya ce kowace safiya ka zo shagonsa ya tayar maka, ran nan ka zo ka tarar ya kwashe kaya ya bar gari.

Na kamfanin waƙa na Sony BMG ya fi muni. A 2005 wani masanin kwamfuta, Mark Russinovich, ya gano cewa wasu faya-fayan kamfanin suna dasa ɓoyayyiyar manhaja a kwamfutar duk wanda ya sa su, don hana kwafi, kuma manhajar tana buɗe ƙofar da masu cutar da kwamfuta za su iya bi. Wanda ya je shago ya biya kuɗi shi aka jefa a haɗari. Wanda ya sauko da waƙar ta satar fasaha lafiyarsa lau. Aka kai kamfanin kotu, ya janye faya-fayan.

Abin dariya a cikin lamarin, kullen bai taɓa hana ɓarawo ba. Duk abin da kunne zai ji, na'ura za ta iya ɗauka. Shi kansa iTunes yana barin mutum ya zuba waƙarsa a faifan CD, kuma da ta hau faifai kulle ya faɗi. A watan Fabrairun 2007 shugaban Apple, Steve Jobs, ya fito da buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kiran kamfanonin waƙa su haƙura da kullen, hujjarsa kuwa ita ce su da kansu suna sayar da mafi yawan waƙoƙinsu a faifai ba kulle. A cikinsu kamfanin EMI ya fara amsawa a shekarar, zuwa 2009 shagon iTunes ya daina sa wa waƙoƙin sayarwa kulle. Amma waɗanda suka saya tun farko sai da aka nemi su ƙara santi 30 a kan kowace waƙa kafin a ba su wadda ba kulle. Sun biya sau biyu don sun yi gaskiya da wuri.

Na kawo wannan dogon labari don ku ga bambancin. Mutumin da ya sayi waƙa a 2005 ya fasa kullenta a 2008 don shago zai rufe, abin da ya mallaka yake ceto. Yau kuwa waƙar da ake sayarwa saye na gaske, a iTunes ko Bandcamp, ba kulle take zuwa. Kullen da mafi yawanku ke faɗa da shi na haya ne. Kuma wannan ba sabon ilimi ba ne gare mu. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya kai babin ciniki a Risala ko Askari ya ji cewa saye yana mallaka maka ainihin abu, haya kuwa amfaninsa take ba ka zuwa wani sanannen lokaci. Kuɗin wata guda da ya buɗe maka miliyoyin waƙoƙi ba zai zama kuɗin sayensu ba, kai ma ka sani. In ka fasa kullen ka riƙe su bayan wata ya wuce, ka riƙe kayan haya ne bayan wa'adi, kuma ka saɓa sharaɗin da ka danna ka ce ka yarda, ko ba ka karanta shi ba.

Ba ina wanke kamfanonin ba ne. Sun daɗe suna rubuta saye a inda suke nufin aro. A 2009 Amazon ya shiga na'urorin Kindle na mutane ya goge wani littafin George Orwell da suka biya kuɗinsa. A 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafai, littattafan suka ɓace daga hannun masu su, aka mayar musu da kuɗi. Abin ya kai jihar Kalifoniya ta yi doka a 2024 mai tilasta wa shagunan intanet su faɗa wa mai saye ƙarara in izinin amfani kawai yake biya wa. Kun ga ke nan ko wanda ba ruwansa da kiɗa abin ya shafe shi, domin kullen nan ɗaya ne a kan littafi da fim da darasin da aka ɗauka a murya. Muhawarar halaccin kiɗa kuwa na bar wa malamai, ba ita ta tara mu ba.

Sai doka. Najeriya ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. A cikinta akwai sashen da ya hana karya kariyar da mai haƙƙi ya sa wa aikinsa, ya kuma hana sana'ar kayan karya ta. Amurka ta yi irin wannan tun 1998. Dokarmu ta bar ƙofa ga amfanin kai da karatu da bincike, amma inda iyakar wannan ƙofa take aikin lauya da alƙali ne, ba na mai rumfar caji ba. Ta fuskar addini ma, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ke karewa, ba ya halatta a keta shi.

Ra'ayina, in kuna so ku ji: wanda ya sayi abu saye na gaske, shago ya rufe ko wayarsa ta mutu, ya kwance kullen don ya saurara shi kaɗai, ban ga wanda ya zalunta ba. Mai waƙa ya riga ya karɓi rabonsa. Sai dai ra'ayina ba zai tsaya masa a kotu ba, kuma irin wannan mutum a cikinku ƙalilan ne. Sauran, in za mu faɗa wa juna gaskiya, ba don ajiya suke son fasawa ba. Don turawa ne.

A nan ne abin ya fi min nauyi, domin na san dalilin da ya sa zuciyarmu ba ta ɗaukar kwafin waƙa a matsayin cin haƙƙi. Makaɗanmu na da ba da yawan kwafi suke ci ba. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi yana fadar Sarkin Musulmi. Doki da riga da hatsi da kujerar Makka daga ubangida suke zuwa, kuma iya nisan da waƙar ta yi iya girman da ubangida ya samu. Wanda ya kwafi kaset ya kai wani gari taimakon makaɗi ya yi. Haka karatun malamai: tafsirin Sheikh Abubakar Gumi da karatuttukan Sheikh Ja'afar Mahmud Adam sun kai inda suka kai ne saboda hannu na miƙa wa hannu, kuma lada ake nema da hakan. Da wannan tarbiyya muka taso, kuma a muhallinta daidai ce.

Amma yaron da ya shiga situdiyo a Kano ko Sakkwato yau ba shi da sarki. Shi ya biya mai kiɗa, ya biya mai haɗa sauti, in da bidiyo ya biya mai kyamara. Waɗanda suka yi suna suna da biki da waƙar siyasa da liƙi, ba sa jin zafin sosai. Na ƙasa ne ke ji. Kuma mun ga abin da ya sami 'yan fim da idonmu. Akwai lokacin da Ƙofar Wambai da Bata a Kano suke cike da dillalan kaset da faifan finafinan Hausa, daga nan ake lodi zuwa Sakkwato da Maraɗi da Yamai. Da memori ya zo, fim ya fito da safe, kafin la'asar yana kwamfutar kowane mai turi. Kasuwar faifai ta durƙushe, masu shirya fim da yawa suka bar sana'ar, waɗanda suka rage suka koma shiri mai dogon zango a Arewa24 da YouTube, irin su Labarina da Izzar So, inda talla ke biyan abin da mai kallo ya daina biya. Ban ce mai rumfar caji mugu ba ne. Ɗan'uwanmu ne mai neman na tuwo a garin da data ke da tsada, sabis kuma yau akwai gobe babu. Amma kai da kake da babbar waya da data ba ka da uzurinsa.

Abin da zai rage muku wahala shi ne mawaƙan Hausa da yawa yanzu da kansu suke ɗora waƙoƙinsu kyauta a shafukansu na YouTube da Audiomack. In ka saurara a can, a shafin mai waƙar ba na wani mai kwashe-kwashe ba, ana ƙirga masa, kuma ƙirgen nan shi ne kasuwarsa. In ya saki waƙa da kansa ya ce a yaɗa, yaɗa, ya ba ka izini. In ya sa mata kuɗi, ya faɗa maka abin da yake so ke nan.

Akwai kuma haɗarin da ya fi kusa da aljihunku fiye da kotu. Manhajojin da ake turawa a rukunonin WhatsApp da Telegram, a ce wannan an fasa ta, komai kyauta ne, wa ya fasa ta? Ba ka san shi ba. Ya zauna ya ɓata lokacinsa ya kwance manhajar kamfani ya sake ɗaure ta, kuma kana zaton saboda Allah ya yi maka? Kafin ta shiga sai wayar ta gargaɗe ka cewa ba a san tushenta ba, ka danna ka wuce. Sai ta nemi izinin karanta saƙonninka, ta nemi ganin lambobin mutanenka, abin da mai kunna waƙa ba ya buƙata. A wayar nan kuwa manhajar bankinka take, ko OPay ko Moniepoint, nan lambar sirri ke shigowa ta saƙo, nan hotunan gidanku suke. 'Yan mata, wannan ya fi shafarku, kun san abin da hoto ɗaya ke jawowa in ya fita. Kuɗin watan da aka guje wa bai kai ko kusa da abin da aka ajiye a bakin ƙofa ba.

Don haka kafin ka biya ko sisi a kan waƙa ko littafi ko fim, bincika abu guda: in na ɗauke fayil ɗin nan na kai wata waya, zai buɗe? In zai buɗe, ka saya, sai ka yi masa kwafi a wuri na biyu, domin memori na mutuwa ba sallama. In ba zai buɗe ba, haya ce, ka auna kuɗin da ma'aunin haya, kar ka ƙona data kana tara abin da zai dushe ƙarshen wata. Haka waƙar kira da kamfanin layi ke cire maka kuɗinta, ranar da ka daina biya ta tafi. Ku kuma tuna asusun irin waɗannan manhajoji da sunan mutum ɗaya yake, ba a yi shi don a raba a gado ba.

Wannan ya kawo ni ga aikin da nake ganin ya fi fasa kulle amfani ga mai hannu a kan waya. A gidaje da yawa a ƙasar nan akwai kwali ko tsohuwar jaka cike da kaset, a ƙarƙashin gado ko a saman bango. A ciki akwai abin da babu shi a Boomplay, babu shi a YouTube, babu shi ko'ina: makaɗin noma na ƙauyenku da bai taɓa shiga situdiyo ba, kiɗan dambe da aka ɗauka a fili bayan kaka, wa'azin malamin garinku da ya rasu, muryar kaka tana ba da tarihin zuri'a a saƙon da aka aika wa ɗa a Kurmi ko Makka. Ba kamfanin da ya kulle waɗannan, zafi da ƙura da damina ne ke cinye su, kuma rediyon da zai kunna su yana ƙarewa a gari.

Ku nemi izinin masu su. Ku samo rediyo mai aiki tun ana samu, ku haɗa shi da waya ko kwamfuta, ku juye su. Ku rubuta sunan mai muryar da garin da shekarar, in akwai dattijon da ya tuna, ku tambaye shi yanzu. Ku ajiye a wuri biyu, ku ba iyalan mai muryar nasu kwafin kafin ku ba kowa, kuma kar ku ɗora a intanet sai sun yarda.